Yadda Kareem Abdul-Jabbar ya tara maki 38,387

Tambaya: Assalamu alaikum Koci. Tun da LeBron James ya wuce Kareem Abdul-Jabbar a yawan maki a ƙwallon kwando muke gardama a filinmu. Wasu na cewa tsawo ne kawai ya taimaki Kareem, sai kuma daɗewa da ya yi yana wasa. Wane ne shi, kuma ta yaya mutumin da aka ce sau ɗaya ya taɓa cin jifan maki uku ya riƙe wannan tarihi kusan shekara arba'in?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokan naka ba ƙarya suka yi ba. Kareem dogo ne, tsayinsa mita 2 da santimita 18, kuma ya yi kaka 20 a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, daga 1969 zuwa 1989. Sai dai in da tsawo ke tara maki, da Manute Bol ɗan Sudan, wanda ya ɗara shi da wajen santimita 13, ya wuce kowa, amma duk zamansa a NBA maki 1,599 ya ci. In kuwa daɗewa ce, Robert Parish ya yi kaka 21, ya buga wasanni fiye da na Kareem, ya tashi da maki 23,334. Ke nan akwai wani abu bayan tsawo da daɗewa.

Mu fara da lissafin. Ƙwallo 15,837 Kareem ya jefa cikin kwando ana tsaka da wasa. Guda ɗaya tak ce ta maki uku, wato jifan nesa daga bayan layi, a 1987, sauran duk na maki bibbiyu ne. Ka haɗa da jifan kyauta 6,712, wanda ake ba ɗan wasa idan an yi masa ƙeta, sai ka samu 38,387 cif. Ya tara su a wasa 1,560, wato maki 24.6 a kowane wasa. Mafi yawan abin da ya taɓa ci a dare ɗaya a NBA maki 55 ne, a kan Boston, cikin Disamba 1971. Wilt Chamberlain ya ci 100 a wasa ɗaya a 1962, Kobe Bryant ya ci 81 a 2006. Kareem ba shi da irin waɗannan darare. Abin da yake da shi shi ne daga 1977 zuwa 1987 ya buga wasa 787 a jere bai taɓa sauka ƙasa da maki goma ba, kuma cikin kowane jifa ɗari da ya yi a rayuwarsa ta NBA kusan 56 sun shiga. Da yayyafi kogi kan cika. Kociyansa yana shiga fili da sanin cewa akwai maki ashirin da wani abu a ajiye, ko ƙungiya tana cikin jin daɗi ko tana cikin wahala.

An haife shi ranar 16 ga Afrilu 1947 a birnin New York, aka raɗa masa suna Ferdinand Lewis Alcindor, ana kiransa Lew. Shi kaɗai iyayensa suka haifa, kuma a ɗarikar Katolika ya tashi. Mahaifinsa ɗan sanda ne a sashen sufurin birnin, sannan mabushi ne a kiɗan jazz, abin da ɗan ya gada wajen so har tsufansa. Asalin gidansu tsibirin Trinidad ne, kuma shi da bakinsa ya ce kakanninsa Yarabawa ne da aka kai bauta, sunan Alcindor kuwa na wani Bafaranshe ne mai gonaki da ya mallake su. Ka riƙe wannan, zai taimake ka ka gane dalilin da ya sa daga baya ya ajiye sunan.

A sakandaren Power Memorial ƙungiyarsu ta ci wasa 71 a jere. Daga nan ya tafi jami'ar UCLA a Los Angeles, ƙarƙashin Koci John Wooden. A wancan zamani doka ta hana ɗan aji ɗaya buga wa babbar ƙungiyar jami'a, don haka a Nuwamba 1965 aka haɗa 'yan aji ɗaya da manyan a wasan sada zumunta. Manyan nan su ne ke riƙe da kofin jami'o'in Amurka shekara biyu a jere. Yaran suka doke su 75 da 60, Lew ya ci 31. Da ya shiga babbar ƙungiyar, wasansa na farko ya ci maki 56. A shekara uku sun ci wasa 88, sun faɗi biyu, sun ɗauki kofi a 1967 da 1968 da 1969. Ɗaya daga faɗuwar biyun ita ce ta Janairu 1968 a Houston, gaban 'yan kallo fiye da 52,000, lokacin da yake fama da rauni a ido. Da suka sake haɗuwa a gasar kofi bayan wata biyu, UCLA ta lallasa Houston 101 da 69.

A 1967 hukumar wasannin jami'o'i ta haramta danna ƙwallo cikin kwando da hannu, abin da yara ke kira dankin. Hukuma ta ce don kare 'yan wasa da kayan fili ne. Jama'a da yawa, har da shi kansa, sun ɗauka don shi aka yi. Dokar ba ta tashi ba sai 1976. Abin da aka yi don a rage masa ƙarfi shi ya tilasta masa ya goge makamin da babu dokar da za ta iya ƙwace masa, wato jifan ƙugiya, wanda Amurkawa ke kira skyhook. A nan amsar tambayarka take, don haka bari in tsaya a kai sosai.

Ga yadda yake yi. Yana tsayawa kusa da kwando ya ba shi baya, mai tsaronsa yana manne da shi ta baya. Idan ƙwallo ta zo sai ya cafke da hannu biyu, ya ji da bayansa ta wane gefe mai tsaron ya jingina. Sai ya jefa ƙafar hagu taku ɗaya mai tsawo, ya juya har kafaɗarsa ta hagu ta fuskanci kwando, ya ɗaga gwiwar dama, ya tashi a kan ƙafa ɗaya. Ƙwallon tana hawa daga wajen ƙirji, hannun dama ya miƙe sak zuwa sama, na hagu ya tsaya tsakaninsa da mai tsaro. A ƙololuwar tashin sai wuyan hannu ya lanƙwasa, ƙwallon ta zame daga kan yatsu, ta yi baka ta faɗa. Duk abin motsi ɗaya ne, ba tsayawa a tsakiya.

Lura da inda ƙwallon take a lokacin da ta bar hannunsa. Tsakaninta da mai tsaro akwai faɗin kafaɗun mutum mai tsayin mita biyu da wani abu, da hannu guda a tokare. Ga ta kuma can sama, kusa da tsayin zoben kwando, wanda ke mita 3 da santimita 5 daga ƙasa. Mai tsaro ba zai kai gare ta ba sai ya bi ta jikin Kareem, wannan kuwa ƙeta ce. Idan ya jira ta bar hannu, yana da ɗan ƙiftawar ido ne kawai, domin da zarar ƙwallo ta fara gangarowa zuwa kwando, taɓa ta laifi ne, alƙalin wasa zai ba da makin ko ba ta shiga ba. Wilt Chamberlain yana cikin 'yan ƙalilan da aka gani sun doke wannan jifa. In ka tare masa dama, zai juya ya yi da hagu, don ya iya da hannu biyu. In mutum biyu suka rufe shi, sai ya miƙa wa wanda aka bari a buɗe, kuma ya iya ba da ƙwallo fiye da yawancin dogayen zamaninsa.

Abin da ya fi burge ni a matsayina na mai horarwa shi ne jifan ba ya tsufa. Ɗan wasan da ke cin maki da gudu da tsalle da turereniya, gwiwoyinsa ne ke biyan kuɗin, kuma idan ya haura talatin sai ka ga makin na raguwa. Jifan ƙugiya ba ya buƙatar ka fi kowa tsalle, ba ya buƙatar ka yi karo da kowa. Taku ne da daidaiton jiki da laushin yatsu, kuma waɗannan ƙaruwa suke yi da shekaru. Shi ya sa a kakar 1985 zuwa 1986, yana da shekara 38, yake cin maki 23.4 a kowane wasa. Don haka daɗewar da abokanka ke magana ba sa'a ba ce da ta faɗo masa, salon wasansa ne ya haife ta. Ya kuma kula da jikinsa tun kafin hakan ya zama ruwan dare a NBA: yana motsa jiki irin na yoga don sassauta gaɓoɓi, kuma tun yana jami'a ya koyi dabarun faɗa a wurin Bruce Lee. Kuma ba a UCLA ya ƙirƙiro jifan ba. Tun yana firamare ya fara, da atisayen nan da ake kira da sunan tsohon ɗan wasa George Mikan, inda yaro ke tsayawa ƙarƙashin kwando yana jefawa da dama, ya cafke, ya jefa da hagu, ba tsayawa.

A 1969 ƙungiyar Milwaukee Bucks ta samu damar zaɓensa na farko bayan an jefa kwabo tsakaninta da Phoenix Suns. Bucks sabuwar ƙungiya ce, kakar da ta gabata wasa 27 ta ci cikin 82. Da zuwansa ta ci 56. Kaka ta biyu aka kawo masa Oscar Robertson, suka ci wasa 66, suka share Baltimore huɗu da babu a wasannin ƙarshe, suka ɗauki kofin 1971. A kakar ya fi kowa maki da 31.7 a kowane wasa, ta gaba ya kai 34.8. Masu tuna shi a matsayin dattijo mai tabarau da sanƙo a Lakers su nemi hotunan wasansa na Milwaukee, su ga siririn saurayi mai gudu daga wannan kwando zuwa wancan.

Bayan kofin 1971 ne ya sanar wa duniya sunansa na Musulunci. Ya musulunta tun 1968 yana ɗalibi, kuma tafarkin Sunna ya bi, ba ƙungiyar Nation of Islam ta Elijah Muhammad ba. Abin yana da tushe. Yana da shekara 17 ya ga tarzomar 1964 ta unguwar Harlem a New York da idonsa. A Yuni 1967, yana da shekara 20, ya zauna a taron Cleveland tare da fitattun 'yan wasa baƙar fata irin su Bill Russell da Jim Brown don mara wa Muhammad Ali baya lokacin da Ali ya ƙi shiga soja a yaƙin Vietnam. A 1968 ya ƙi zuwa gasar Olamfik ta Meziko saboda yadda ake wulaƙanta baƙar fata a ƙasarsa. Wannan tsayuwa ta jawo masa ƙiyayya mai yawa. Ga kuma musibar Janairu 1973, lokacin da wasu mahara suka kashe mutum bakwai, yawancinsu yara, a wani gida da ya saya wa jama'ar malaminsa a Washington. Mutumin da ya ga irin wannan, ga 'yan kallo na yi masa ihu saboda sunansa da addininsa, ba abin mamaki ba ne ya zama mai kame kai. 'Yan jarida sun yi masa laƙabin mai girman kai da ɗaure fuska, kuma ina ganin hakan ya rage masa yabon da ya cancanta tsawon shekaru.

Ba zan ɓoye maka lahaninsa ba, yana da zuciya. A 1974 aka tsokane masa ido a wasan share fage, ya naushi ƙarfen da ke riƙe da kwando, ya karya hannu. Tun daga lokacin ya riƙa sa tabarau ɗin nan na kariya. A wasan farko na kakar 1977 Kent Benson ya sa masa gwiwar hannu a ciki, shi kuma ya kai masa naushi, ya sake karya hannu, ya rasa wasa 20. Manyan raunukansa biyu shi ya jawo wa kansa. Nakan ba yarana wannan labari idan na ga ɗayansu ya fara huci a fili.

A 1974 ya nemi a sauya masa ƙungiya, a 1975 aka kai shi Los Angeles Lakers, Milwaukee ta karɓi 'yan wasa huɗu. Shekarun farko ya yi ta ɗaukar kyautar gwarzon ɗan wasan kaka amma ba kofi, har a 1976 ya ɗauke ta alhali ƙungiyarsa ba ta ma kai zagayen fitar da gwani ba. Sau shida ya ɗauki wannan kyauta, 1971, 1972, 1974, 1976, 1977 da 1980, kuma babu wanda ya kamo shi. Da Magic Johnson ya zo a 1979 sai ƙofa ta buɗe. A wasannin ƙarshe na 1980 da Philadelphia, Kareem ya gurɗe a idon sawu a wasa na biyar, ya je aka ɗaure, ya dawo ya ƙarasa da maki 40. Wasa na shida bai iya bugawa ba, Magic ya ci 42, aka ba Magic kyautar gwarzon wasannin ƙarshe. A ganina ta Kareem ce, domin shi ya ɗauko ƙungiyar a wasa biyar na farko yana cin sama da maki 33 a kowanne.

Ranar 5 ga Afrilu 1984, a Las Vegas, ana wasa da Utah Jazz, Magic ya miƙa masa ƙwallo a gefen dama, ya juya ya yi jifan ƙugiya ta saman Mark Eaton, wanda ya fi shi tsawo, ya wuce maki 31,419 na Wilt, wanda ke riƙe da tarihin yawan maki a lokacin. Yana dab da cika shekara 37 a lokacin, kuma ya ƙara kusan maki 7,000 bayan nan.

In za ka kalli wasanninsa guda biyu kawai, ka kalli na farko da na biyu a wasannin ƙarshe na 1985. A na farko Boston ta ci Lakers 148 da 114, Kareem ya ci maki 12, Robert Parish ya yi ta wuce shi da gudu, jaridu suka ce tsoho ya ƙare. Bayan kwana uku, a filin Boston ɗin dai, ya ci maki 30, ya cafke ƙwallo 17 da suka dawo daga kwando, ya ba da ƙwallo 8 da aka ci. Lakers suka ɗauki kofin a gidan Boston, karo na farko da suka doke ta a wasannin ƙarshe bayan faɗuwa takwas, aka ba shi kyautar gwarzo yana da shekara 38. A shekarar da ta biyo baya wani matashi ɗan Legas, Hakeem Olajuwon, tare da Ralph Sampson a Houston, suka fitar da Lakers huɗu da ɗaya, kuma Hakeem ɗin ne daga baya ya wuce shi a yawan doke jifan abokan hamayya. Lakers ta dawo ta ɗauki kofin 1987 da na 1988, wanda ya cika masa kofi shida. Ya yi ritaya a 1989 yana da shekara 42.

Me ya sa tarihin ya daɗe haka? Domin yana buƙatar abu biyu da ba kasafai suke haɗuwa a jikin mutum ɗaya ba: cin maki mai yawa, da zama lafiya a fili kusan shekara ashirin. Michael Jordan yana cin 30.1 a kowane wasa amma wasa 1,072 ya buga, don ya ajiye wasa sau biyu kafin ta ƙarshe. Kobe ya yi kaka 20 amma raunuka suka cinye ƙarshenta, ya tsaya a 33,643. Karl Malone ne ya fi matsowa, ya tsaya a 36,928, saura maki 1,459. Wanda ya karya tarihin, LeBron, ba a ma haife shi ba ranar da Kareem ya wuce Wilt, sai a Disamba na shekarar.

Adalci ga LeBron wajibi ne. Ya kai adadin ranar 7 ga Fabrairu 2023 a wasansa na 1,410, wato da wasa 150 ƙasa da na Kareem, kuma tuni ya haura 40,000. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma Kareem da kansa ya fito tsakiyar fili ya miƙa masa ƙwallo a daren. Amma in kuna gardama ku sa abu biyu a ma'auni. LeBron ya shiga NBA yana da shekara 18, Kareem sai da ya yi shekara huɗu a jami'a, ya fito da digirin tarihi, ya shiga yana 22. Sannan layin maki uku bai zo NBA ba sai 1979, bayan Kareem ya yi kaka goma, LeBron kuwa ya riga ya ci jifan maki uku fiye da 2,000 kafin ya kamo shi. Ni dai ina ɗaukar LeBron a matsayin wanda ya fi iya abubuwa iri-iri, Kareem kuma mai makami guda da ya fi kowane makami tabbas a tarihin wasan.

Bayan ritaya bai taɓa samun zama babban koci a NBA ba, ko da yake ya nuna yana so. Ya yi mataimaki a Lakers yana horar da dogayen 'yan wasa, ya rubuta littattafai a kan tarihin baƙar fatar Amurka, kuma a 2016 Shugaba Obama ya ba shi babbar lambar girmamawa ta farar hula.

Abin da ke damuna shi ne jifan ƙugiya ya kusa ɓacewa. Wasan ya koma bayan layin maki uku, tun 2001 kuma NBA ta sassauta dokar tsaro ta yadda ya fi sauƙi mutum biyu su rufe mai tsayawa kusa da kwando. Yara kuma suna tashi suna fuskantar kwando, babu mai son ya ba shi baya, don ba ya ƙayatarwa a bidiyon waya. Amma yi lissafi: wanda ya ci 36 cikin jifa ɗari na maki uku ya samu maki 108, wanda ya ci 56 cikin ɗari na maki biyu ya samu 112, ban da jifan kyauta da yake samu saboda ƙetar da ake yawan yi wa na kusa da kwando. In akwai dogon yaro a filinku, ku sa shi atisayen Mikan kullum kafin a fara wasa, dama da hagu, ƙwallon ba ta sauka ƙasa da haɓarsa. Idan hannu biyun suka saba, ya ja baya taku ɗaya, ya ƙara takun ƙafa da ɗaga gwiwa. Kada ku sa masa mai tsaro sai motsin ya zauna a jikinsa, kuma ku lura da kafaɗa: in ƙirjinsa ya juyo ya fuskanci kwando kafin ƙwallon ta bar hannu, ya buɗe wa mai tsaro hanya, sai a tsayar da shi ya sake daga farko.